Dajin Rugu: Sai Ƙafa Ta Taka Shi Za A Ce An Ƙwato Shi

Tun daga shekarar 2025, lokacin da al'ummomin Batsari da Jibia da Safana da Ɗanmusa da wasu ƙananan hukumomin yammacin Jihar Katsina suka riƙa zama da mutanen daji domin ƙulla sulhu, ra'ayin jama'a ya rabu gida biyu. Wasu na ganin tunda manomi ya samu ya koma gonarsa, an kuma sako mutane da dama da ake tsare da su, to ko ba komai an samu lumfashi. Wasu kuwa cewa suke yi sulhun da ake zuwa wurinsa rataye da bindiga, a kuma koma da ita, tsagaita wuta ne kawai, kuma an ga irinsa a baya. Kowane ɓangare na da hujjarsa, musamman ganin cewa wanda ya kwana a kan dutse da 'ya'yansa don gudun hari shi ya fi kowa sanin darajar barci a ɗaki. Sai dai akwai tambaya ɗaya da ba a cika yi ba a cikin wannan muhawara, ita ce: shi dajin kansa fa, a hannun wa yake?

A nawa ganin, akwai ma'auni mai sauƙi da za a auna wannan al'amari da shi, wanda ba ya buƙatar sanarwar hukuma ko taron manema labarai. Ma'aunin shi ne ƙafa. Duk ranar da malamin daji, ko ɗalibin jami'a, ko mai ɗebe zuma, zai tashi da sassafe daga wajen Runka ta ƙasar Safana, ya shiga Dajin Rugu, ya hau duwatsun cikinsa ya bi doronsu, ya sauko ta wajen Ruma a ƙasar Batsari, ba da rakiyar soja ba, ba kuma da neman izinin wani mai bindiga ba, to ranar ce za a ce daji ya dawo hannun jama'a. Kafin wannan rana, abin da ke hannunmu shi ne bakin daji da taswirarsa.

Mai karatu zai iya mamakin abin da ya kawo maganar hawan dutse a cikin batun rai da mutuwa. Dalili shi ne, a ƙasashe da yawa na duniya, dazuzzukan da ake karewa saboda ruwan da suke tarawa, ana ratsa su da turbar ƙafa wadda ke bin doron tsaunuka. Mutane na tafiyar wuni guda ko kwanaki a kanta, da gorar ruwa da guzuri, suna hawa suna gangara, suna shan wahala da son ransu. Mu a nan mukan ɗauki wannan a matsayin shagalin wanda ya ƙoshi. Amma masu kula da waɗannan dazuzzuka sun daɗe da gane cewa turbar tana yi musu aikin da ma'aikata ɗari ba za su yi ba. Matafiyi shi ne ido. Shi ke ganin inda aka sari itace, da inda wuta ta tashi, da inda wani ya kafa sansani, da inda rafi ya fara cin gaɓa. Daji yana zama a kare ne gwargwadon yawan mutanen kirki da ke shiga cikinsa suna fita.

Domin a gane abin da ke cikin haɗari, ya kamata a dubi Rugu da idon mai neman ruwa. Dajin ya shimfiɗu a kan iyakar Katsina da Zamfara, ƙasa ce mai tudu da gangare, da manyan duwatsu da falalai a warwatse. Ruwan sama a wannan yanki na sauka ne cikin 'yan watanni, sau da yawa kamar da bakin ƙwarya. Idan ya tarar da itatuwa irin su marke da ƙirya da taramniya da kanya, da ciyawa da busasshen ganye a ƙarƙashinsu, sai ƙarfinsa ya karye, ya nitse a hankali, ya ciyar da rijiyoyi da fadamu har cikin bazara. Idan kuwa ya tarar da ƙasa tsirara, sai ya kwashi yashi ya gangara da gudu, ya yanka kwazazzabai, ya cike rafuka. Rafukan yankin suna zuba ne a kogunan Bunsuru da Gada. Gada ita ce aka tare aka yi madatsar ruwa ta Jibia, daga nan ta shiga Jamhuriyar Nijar inda ake kiranta Gulbin Maraɗi, ta sake dawowa Nijeriya. Bunsuru kuwa tana haɗuwa da Gagare, su tarar da Gulbin Maraɗi su zama Rima, wadda ke cika madatsar Goronyo a Jihar Sakkwato.

Ke nan abin da aka yi wa tudun Safana da Batsari, mutumin Goronyo da na birnin Sakkwato zai ji shi a randarsa. Ba a manta ba, a 2018 ruwan madatsar Goronyo, wadda aka gina don ta riƙe kubik mita miliyan 942, ya ja baya har ya koma kimanin kashi ɗaya cikin goma, kuma cikin dalilan da hukumomi suka bayar akwai ƙarancin ruwan sama da cikewar madatsar da yashi. A watan Yuli na wannan shekara kuma ambaliya ta auka wa garin Jibia cikin dare, ta hallaka mutum sama da 40. Ƙamfar ruwa a bazara da ambaliya a damina 'yan uwan juna ne. Ko da yake ba za a ɗora wa sare daji kaɗai alhakinsu ba, masana sun haɗu a kan cewa ƙasar da aka tuɓe wa sutura ba ta riƙe ruwa, kuma yashin da ke cike madatsu daga tudu yake gangarowa.

Magabata ba su jahilci wannan ba. Tun zamanin Turawa aka keɓe gandayen daji a ƙarƙashin dokokin 1916 da 1937, aka damƙa kula da su a hannun En'e. Hukumar En'e ta Katsina na da malaman daji da 'yan gandu waɗanda aikinsu shi ne zagaya iyaka, da share layin kashe gobara bayan damina, da ba da takardar izinin saran itace, da kai rahoto ga hakimi. A ƙafa suke wannan aiki, ko a kan keke ko doki, kuma sun san kowace mashaya da kowane burtali. Bayan samun 'yancin kai, Gwamnatin Jihar Arewa ta kafa dokar makiyaya ta 1965, kuma a cikin shekarun 1960 ɗin nan ne aka zuba aiki a makiyayar Ruma da Kukar Jangarai, da taimakon Amurka, aka gina ƙananan madatsun shayar da dabbobi, aka tsara kiwo. A lokacin nan, wannan yanki na cikin wuraren da ake misali da su a duk Arewa idan ana maganar zaunar da makiyayi.

To me ya faru? Sannu a hankali hukuma ta janye ƙafarta. Gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya kawo ƙarshen En'e, aikin daji ya faɗa tsakanin jiha da ƙaramar hukuma, kowa na ganin na ɗan'uwansa ne in ana maganar kashe kuɗi, nasa ne in ana maganar karɓar kuɗin shiga. Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta sa filaye a hannun gwamna, abin da ya sauƙaƙa yanka gandun daji a raba wa masu ido da kwalli da sunan noma. A 1979 gwamnatin Alhaji Balarabe Musa ta soke haraji da jangali a tsohuwar Jihar Kaduna, wadda Katsina ke cikinta har zuwa 1987. Babu mai musun cewa soke su ya sauke wa talaka nauyi, ya kuma raba shi da wulaƙancin masu karɓa. Amma jangali, duk da muninsa, shi ne dalilin da ke kai wakilin hukuma ruga sau ɗaya a shekara, ya san arɗo, ya san yawan garke. Da aka cire shi, ba a maye gurbinsa da makaranta ko asibiti ko likitan dabbobi ba. Malaman daji suka tsufa suka yi ritaya ba a ɗauki wasu yadda ya kamata ba, madatsun suka cike, gonaki suka cinye burtali, yaran ruga suka tashi ba su san hukuma ba sai a shingen hanya ko a kotu. Hausawa na cewa sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Abin da ya biyo baya kowa ya sani. Satar shanu ta rikiɗe ta zama kai hari a ƙauyuka da satar mutane don kuɗin fansa. 'Yan sa-kai suka tashi don kare kai, wasunsu suka wuce gona da iri suka riƙa kashe Bafillace don Fulatancinsa kawai, ramuwa ta haifi ramuwa. A watan Fabrairun 2020 an kashe mutum 30 a ƙauyukan Tsauwa da Dankar na ƙasar Batsari a dare ɗaya. Makarantun firamare suka zama matsugunin 'yan gudun hijira, dubun dubatar mutanen Katsina da Zamfara da Sakkwato suka tsallaka Jihar Maraɗi. A daren 11 ga Disamban 2020 aka kwashe ɗaliban makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara, aka kora su cikin daji, aka sako 344 bayan kwana shida. Da suka dawo, abin da suka fi ba da labari shi ne tafiya: tafiyar dare da rana, wasu ba takalmi, cikin ƙaya da duwatsu, da yunwa da ƙishirwa. Abin takaici, wannan ita ce tafiyar ƙafa mafi shahara da aka yi a wannan daji a zamaninmu. A wasu ƙasashe malami ke kai ɗalibansa dutse don su ga ikon Allah, a nan kuwa bakin bindiga ne ya kai su.

Idan aka dubi matakan da gwamnatoci suka ɗauka, za a ga kusan dukkansu daga nesa suke taɓa dajin. Gwamna Aminu Bello Masari ya gwada afuwa da sulhu har sau biyu, na biyun a 2019, daga baya ya fito fili ya ce an ci amanarsa. A 2021 aka kafa dokar da ta rufe wasu hanyoyi da kasuwannin dabbobi, ta hana manyan motoci ɗauko itace daga daji, aka kuma katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13, ciki har da Batsari da Safana. A shekarar ce kuma Gwamnatin Tarayya ta amince da naira biliyan 6.25 don gina wuraren kiwo na zamani a jihar. Jiragen yaƙi sun yi ta ruwan wuta. Gwamna Dikko Umaru Raɗɗa ya ƙaddamar da rundunar tsaron al'umma a watan Oktoban 2023, wadda ta ƙarfafa tsaron garuruwa. Kowane mataki na da amfaninsa, amma jirgi ba ya kwana a daji, soja kuma in ya kora ya kan koma bariki, rufe kasuwa da waya kuwa talaka ya fi shan raɗaɗinsa. Abin da aka rasa shi ne zama na dindindin na mutanen da aikinsu shi ne dajin.

Akwai alamun an fara gane haka. A ƙarshen 2020 Gwamnatin Tarayya ta sanar da ƙarin gandayen daji na ƙasa guda goma, ciki har da Dajin Kogo da ke kudu maso yammacin Katsina. A watan Mayun 2025 Shugaba Bola Tinubu ya amince da kafa rundunar masu gadin daji don dazuzzuka 1,129 na ƙasar nan. Tunani ne mai kyau, amma akwai fargaba biyu. Ta farko, kada a maida shi hanyar raba guraben aiki ga yaran 'yan siyasa waɗanda ba su taɓa kwana a dawa ba. Ta biyu, kada a ɗauka cewa gadin daji bindiga ce kawai. Mai gadin da bai san sunan itace ba, bai san mashaya ba, bai iya gaida arɗo da Fulatanci ba, baƙo ne da kaki, kuma baƙo ko idonsa ya kai ƙwarya bai ga gari ba.

Darasi na kusa yana maƙwabta. A Jihar Maraɗi, bayan farin shekarun 1970 da 1980, manoma sun rungumi abin da suke kira sassaben zamani, wato barin toho daga kututtukan da ke gona a gyara shi ya zama itace maimakon a sassabe a ƙone. Abin ya kankama ne daga 1983, kuma bincike ya nuna an farfaɗo da kimanin kadada miliyan 5 a kudancin Nijar, da itatuwa wajen miliyan 200. Sirrin ba kuɗi ba ne. Da manomi ya tabbata itacen da ya raina nasa ne, ba wanda zai ci shi tara don ya sari reshensa, sai ya zama shi ne mai gadi. Darasi na nesa kuwa yana birnin Niyok na Amurka, wanda mafi yawan ruwan shansa ke gangarowa daga tsaunukan da ke arewa da shi. Da aka ƙiyasta cewa gina matatar ruwa zai ci dala biliyan 6 ko fiye, sai birnin ya ƙulla yarjejeniya da mutanen tsaunukan a 1997, yana biyan manoma don su kiyaye rafuka, yana sayen filaye yana barinsu daji, ya kuma buɗe da yawa daga cikinsu ga masu tafiyar ƙafa da masunta da mafarauta. Mai shan ruwa a ƙasa ya biya mai tsare shi a sama, kowa ya ci riba.

Saboda haka, idan ana son sulhun da aka ƙulla ya wuce na fatar baki, ga abin da nake ganin ya kamata a yi. Da farko, a sake taka iyakar Dajin Rugu da makiyayar Ruma da Kukar Jangarai da ƙafa, a nemo tsofaffin turakun shaida, a fitar da burtali da mashaya a fili. Tawagar ta ƙunshi ma'aikatan daji, da wakilan Sarkin Ruma da na Yariman Katsina, da arɗaɗe, da manoma, da masu safiyo. Hoton tauraron ɗan'adam zai nuna inda ke da kore, amma ba zai bambance marke da sabara ba, ba kuma zai faɗi wanda ya noma burtali da wanda ya sayar masa ba. Wannan tafiya ita ce jarrabawar farko ta sulhu. Wanda ya ce ya ajiye faɗa amma ya hana a taka iyakar gandun gwamnati, ya ba da amsa da kansa.

Na biyu, a ɗauki masu gadin daji daga 'ya'yan yankin, Hausawa da Fulani a tawaga ɗaya, bayan tantancewa mai tsauri wadda za ta fitar da duk mai jini a hannu, a koya musu aikin daji tare da aikin tsaro, a kuma riƙa biyansu a kan kari. Na uku, a ba ƙauyuka da rugagen bakin daji haƙƙi rubutacce na zuma da ɗorawa da kaɗanya da ciyawa da busasshen itace, bisa sharaɗin su hana saran ɗanye da toya gawayi. Kuɗin wannan aiki ba sai an je nesa ba. Akwai shirin Bankin Duniya na dala miliyan 700 da aka amince da shi a 2021 don farfaɗo da ƙasa da mazubar ruwa a jihohin Arewa, akwai hukumar Babbar Ganuwar Itatuwa wadda Katsina ke cikin jihohinta 11, akwai kuma Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima wadda madatsunta ne ke cikewa. Ya dace jihohin Katsina da Zamfara da Sakkwato su zauna a kan wannan, tunda ruwa bai san iyakar jiha ba, haka ma ɗan bindiga.

Na huɗu, a fitar da turba ɗaya ta dindindin a kan duwatsun, mai zango-zango, da mazaunin masu gadi da rijiya da na'urar sadarwa a kowane zango. A fara da gajeren zango kusa da gari, masu gadi su riƙa bin ta kullum. In ta tabbata, a kawo ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Dutsinma da na Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa su ƙirga itatuwa, su auna ruwan sama da zaizayar ƙasa. Daga nan mafarauta da masu magani da 'yan makaranta, daga ƙarshe duk mai sha'awa. Tafiya ce mai wuya, ga hawa ga zafin dutse ga ƙarancin ruwa a bazara, don haka lokacinta shi ne daga kaka zuwa ƙarshen hunturu, da ɗan jagora daga mutanen wurin wanda za a biya. Ta nan yaron da ya san kowane lungu na dajin zai ci abinci da wannan sani ta hanyar halal.

Na san za a ce wannan mafarki ne, mutanen da ba su gama binne 'yan uwansu ba ina ruwansu da turba a kan dutse? Maganar na da nauyi, kuma babu mai hankalin da zai ce a tura 'ya'yan mutane daji alhali bindigogi na hannun da suke. Karɓe makamai, da hukunta masu laifi, da biyan diyya ga waɗanda aka zalunta ta kowane ɓangare, su ne kan gaba. Amma tarihin shekaru goman da suka wuce ya nuna cewa duk lokacin da aka samu sararawa aka bar dajin ba kowa, waɗanda suka fita ne ke komawa, ko kuma wasu da suka fi su. Sararawa ita ce damar shiga, kuma dama ba ta jira.

Ruma ƙasa ce da ta yi suna da jarumta tun zamanin Ɗanwaire, lokacin da take tsaye a bakin daga tana kare Katsina daga hare-hare. Jarumtar da zamani ke nema a yau ta dabam ce, ita ce ta mutumin da zai ɗauki sanda da gora da littafin rubutu ya shiga daji kullum, har shigar ta zama ba labari ba. Wajibi ne gwamnati ta share masa hanya, sarakuna su tsaya masa, 'yan majalisar yankin su sa shi a kasafin kuɗi, mu kuma masu shan ruwan mu riƙa tambayar inda aka kwana. Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu, Ya mayar da 'yan gudun hijira gidajensu, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, amin.